Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumar kula da harkar wutar lantarki, kan rarar wutar sola da ke salwanta a kan rufinmu

Ranku ya daɗe, Shugaba da kwamishinoni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne a madadin wani rukuni na jama'a da ba su da ƙungiya mai rajista, ba su da lauya, ba a kuma cika gayyatarsu zaman jin ra'ayi ba, wato masu ƙananan na'urorin sola a kan rufi. A cikinmu akwai magidanta, akwai masu ƙananan masana'antu, akwai makarantu da ɗakunan shan magani, akwai kuma manoma masu ban ruwa waɗanda farantansu ke zaman banza da zarar damina ta kama. Abin da ya haɗa mu shi ne, daga hantsi zuwa la'asar muna samar da wutar da ta fi buƙatarmu, muna son mu sayar da rarar ga babban layi, amma har yau ba a buɗe mana ƙofar da mai hankali zai shiga da jarinsa ba. Na buɗe wasiƙar ne saboda rufaffun da muka aiko ba su sami amsa ba, kuma maganar ta shafi har wanda bai mallaki faranti ko ɗaya ba.

Bari in fara da abin da nake gani kullum. A kan rufina akwai farantai masu ƙarfin kilowat 5. A ranar da gari ya yi garau, kafin sha biyun rana batirina ya cika, sai in ga lambar da ke fuskar inbata, wato na'urar da ke juya wutar farantai ta koma irin ta gida, ta sauko daga wat 4,000 da ɗoriya zuwa wat 600, gwargwadon abin da firji da fanka ke ja. Rana tana nan tana dukan farantai kamar yadda take yi minti biyar da suka wuce, na'urar ce ta rage aiki da kanta don ba ta da inda za ta kai wutar. A daidai wannan lokaci, bayan katangata, janareton maƙwabcina yana ruri yana shan mai. Tsakanin farantaina da injinansa bai fi taku talatin ba, kuma waya ɗaya ce ta ratsa ƙofofinmu.

Tambayar da mutane ke yi mini ita ce, shin sayar da wutar sola ga babban layi sana'a ce da za ta mayar da uwar kuɗi? Amsar tana cikin lissafin da ba shi da wuya. A wurin da rana ke da ƙarfi, na'ura irin tawa tana ba da kimanin yunit 7,500 a shekara. A ƙaddara gida yana cin 3,000 da rana, 4,500 kuma rara ce. Idan ana karɓar rarar a kan farashin da ake sayar mini da wuta, na ci moriyar yunit 7,500 cif. Idan kuwa rubu'in farashin ake biya, darajar abin da na samu ta koma ta yunit 4,125 kacal, sai jarin da zai dawo a shekara 6 ya koma sai ya yi kusan shekara 11. A tsakanin shekara 10 zuwa 15 inbata kan buƙaci canji, farantai kuma suna rage ƙarfi da kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100 kowace shekara, ga ƙurar da ke zama a kansu, ga zafin da ke rage musu kuzari duk lokacin da suka wuce digiri 25. Farashin faranti ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, saboda haka tsadar kaya ta daina zama babban cikas. Abin da ya rage yana yanke hukunci tsakanin riba da asara shi ne abin da ke kan teburinku: nawa za a biya, har tsawon wane lokaci, kuma ta wace hanya.

Kokenmu na farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne rashin tsayayyen farashi da rashin wa'adi. Wanda zai zuba kuɗi a abin da zai yi aiki shekara 25 yana buƙatar ya san dokar da zai kwana a kanta. A halin da ake ciki, duk wanda ya ƙara farantai da niyyar sayarwa cinikin biri a sama ya yi, kuma babu bankin da zai ba da bashi a kan kuɗin shigar da ba a rubuta ba.

Ƙasashen da suka riga mu sun nuna yadda abin yake. A shekarar 2000 Jamus ta yi dokar da ta tilasta wa masu layi su jona ƙaramin mai sola, su kuma sayi wutarsa a kan farashin da aka ƙayyade na tsawon shekara 20. Farashin ya fara da tsada sosai, fenig 99 kowane yunit a kuɗinsu na lokacin, sannan aka yi ta rage shi har ya sauko kusa da santi 8 na yuro ga ƙananan rufi. Hikimar tsarin ita ce ragin yana hawa kan sababbin shiga ne kawai, wanda ya riga ya sa hannu yana nan a kan yarjejeniyarsa. Da haka ƙasar da faranti mai kilowat ɗaya ke ba da kimanin yunit 1,000 a shekara, wato kimanin kashi biyu bisa uku na abin da yake bayarwa a ƙasashe masu zafin rana, ta cika rufinta da farantai. Jihar Nebada ta Amurka kuwa ta bi ɗaya hanyar. A watan Disamba na 2015 hukumarta ta rage farashin rara, ta kuma ɗora sabon tsarin har a kan waɗanda suka riga suka kafa na'urorinsu. Manyan kamfanonin kafa sola suka tattara kayansu suka bar jihar, ma'aikata suka rasa aiki, aka yi ta ƙorafi har sai da majalisar jihar ta maido da tsarin a 2017. Sifaniya ma ta sanya haraji a kan wutar da mutum ya samar don amfanin kansa a 2015, wanda jama'a suka laƙaba wa suna harajin rana, sannan ta soke shi a 2018 bayan ya dakushe harkar na shekara uku. Wannan tufka da warwara ita ce muke tsoro fiye da ƙaramin farashi. Ƙaramin farashi mutum zai iya lissafa shi ya yanke shawarar shiga ko fasawa, amma dokar da za ta juya bayan an ci bashi an sayi kaya babu alƙalamin da zai lissafa ta.

A nan ya kamata in faɗi gaskiyar da wasu daga cikin 'yan uwana ba sa son ji. Ba na neman a sayi rarata a kan cikakken farashin da nake sayen wuta. Kuɗin da ke kan takardar bil ya ƙunshi turaku da wayoyi da taransifoma da albashin masu gyara, kuma ni ma da dare waɗannan wayoyin nake dogara da su. Idan aka yafe mini dukkan wannan nauyi, zai koma kan mai haya da talakan da ba shi da rufin kansa, abin ya zama kashin dankali. Haka kuma wutar tsakar rana, lokacin da kowane rufi ke tuttuɗowa, ba ta kai darajar wutar magariba ba. Masu kula da layin jihar Kalifoniya ta Amurka sun zana wannan matsala tun 2013 a wani jadawalin wutar da ake buƙata daga manyan tashoshi, wanda ya yi kama da agwagwa, ciki ya lotsa da rana, wuya ya miƙe da yamma, kuma a watan Afrilu na 2023 jihar ta rage farashin rara da kusan kashi 75 cikin 100 ga sababbin shiga. Ana iya jayayya kan ko ragin ya yi yawa, ni ma ina ganin ya yi, amma dai ta bar tsofaffin masu yarjejeniya a kan tsarinsu.

Sai dai ma'auni yana da hannu biyu. Yunit ɗin da ya fito daga rufina ya shiga gidan maƙwabci bai yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ba, bai ratsa tashoshin rage ƙarfi ba, saboda haka bai zube a hanya ba, alhali a matsakaicin duniya kusan kashi 8 cikin 100 na wutar da ake samarwa a waya take salwanta, a tsofaffin layuka kuma abin ya ninka haka. Kamfanin rarraba wuta bai kashe ko kwabo wajen samar da wannan yunit ba, amma zai sayar da shi a kan cikakken farashi. A wuraren da zafin rana ke sa kowa ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, rarar tana zuwa ne daidai lokacin da taransifoma ke nishi. Farashin adalci yana wani wuri tsakanin sifiri da cikakken farashi, kuma aikinku ne ku gano shi da hujja, ku kuma nuna mana lissafin.

Koke na biyu shi ne mita. Ba a sayar da abin da ba a auna ba, kuma yawancin mitocin da ke jikin bangonmu hanya ɗaya suka sani. Wasunsu ma ba sa bambance wutar da ke shiga da wadda ke fita. Na gane haka ne da kuɗina. A makon da mai haɗa mini na'ura ya buɗe mata hanyar tura rara waje don gwaji, na lura yunit ɗin da na saya suna ƙarewa da sauri fiye da da, alhali gidan kusan babu kowa da rana. Na tsaya gaban mitar da azahar, komai na gida a kashe, ina kallon ɗan jan fitilarta yana ƙiftawa, lamba tana raguwa. Ashe wutar da nake ba layi kyauta ita mitar ke cajina a kanta. Tun ranar muka rufe hanyar. Na nemi mita mai auna shiga da fita, na cike takarda, na biya kuɗin dubawa, yau wata na goma sha huɗu ke nan ina jiran gawon shanu. Duk ofishin da na je sai a ce ba a aiko musu da umarni daga sama ba, kuma saman da suke nufi ku ne.

Na uku, takardu. Ba daidai ba ne a nemi mai kilowat 5 ya kawo irin binciken injiniya da takardun da ake nema daga mai tashar megawat 50, domin kuɗin cika sharuɗɗan kaɗai yana iya cinye ribar shekara biyu. Babu kuma wa'adin da aka ɗora wa kamfani ya ba da amsa, don haka shiru ya zama hanyar ƙin amincewa ba tare da an faɗi dalili ba.

Na huɗu ya shafi layin kansa, kuma shi ne abin da masu tallar sola ba sa faɗa wa mai saye. Inbatar da aka jona da babban layi an ƙera ta ne ta daina tura wuta cikin daƙiƙa 2 da ɗaukewar wutar layi. Wannan ƙa'ida ce mai kyau, muna goyon bayanta ɗari bisa ɗari, domin ita ke kare ran ma'aikacin da ya hau turke yana zaton waya ba ta da wuta. Amma ma'anarta ita ce, duk sa'ar da aka ɗauke wuta da rana kasuwarmu ta tashi. Idan layi ya mutu awa uku daga cikin awa biyar ko shida masu albarka na tsakar rana, aƙalla rabin abin sayarwa na wannan yini ya tafi, kuma ba a ajiye hasken jiya a sayar gobe. Ko da akwai wuta ma, akwai matsalar hawan ƙarfi. Layin da ya kamata ya tsaya a bolt 230 ana yarda ya kai 253, amma idan waya siririya ce, taransifoma kuma an saita ta sama don ta kai wa na ƙarshen layi, da zarar gidaje uku ko huɗu sun fara turawa sai ƙarfin ya haura iyaka, inbatoci su kashe kansu ɗaya bayan ɗaya. Mai na'ura zai zargi wanda ya haɗa masa, shi kuma ya zargi kamfanin da ya ƙera, alhali sau da yawa gyaran bai wuce a sauke saitin taransifoma mataki ɗaya ko a daidaita nauyi tsakanin wayoyi uku ba. A Ostireliya, inda gidaje sama da miliyan 4 ke da sola a rufi, wato kusan gida ɗaya cikin uku, sun sha fama da wannan. Jihar Ostireliya ta Kudu ta ɓullo da tsarin da mai layi ke faɗa wa inbata ta intanet iyakar abin da za ta tura a kowane lokaci, ta yadda mafi yawan kwanakin shekara ƙofa a buɗe take, sai a 'yan sa'o'in da layi ya ƙoshi a rage. Wannan ya fi a hana kowa turawa saboda tsoron sa'o'i ƙalilan.

Na biyar, yadda za a biya. Idan rara za ta zama ragi ne kawai a kan bil, wanda kuma zai lalace a ƙarshen wata ko shekara, to makarantar da ke rufe a lokacin hutu da manomin da famfonsa ke hutawa da damina ba su da abin da za su rage, wutarsu ta tafi a sadaka ta dole. Birtaniya, bayan ta rufe tsohon tsarinta na tallafi a watan Maris na 2019, ta wajabta wa manyan kamfanonin sayar da wuta tun daga Janairun 2020 su biya ƙananan masu samarwa kuɗi a kan kowane yunit da mita ta nuna sun tura. Birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ya fara biyan tsabar kuɗi a kan rara a 2023. Abu ne da ake yi, ba sabo ba ne.

Ranku ya daɗe, ina roƙon ku dubi inda wannan shiru zai kai mu. Batir yana ƙara araha kowace shekara. Mutumin da aka hana shi sayarwa ba zai sauke farantansa ba, batir zai ƙara ya adana wutar rana ya sha da dare, daga nan kuma saura ƙiris ya ce a zo a cire masa waya. Waɗanda za su fara tafiya su ne masu hali da masana'antu, wato waɗanda ke biyan bil mafi tsoka kuma a kan lokaci. Kuɗin kula da turaku da wayoyi ba zai ragu don sun tafi ba, sai dai a raba shi a kan waɗanda suka rage, farashi ya hau, wasu su ƙara ficewa. Pakistan ta shigo da farantai masu ƙarfin kimanin megawat 17,000 a shekarar 2024 kaɗai, mafi yawansu mutane ne suka saya da kuɗinsu don gudun tsadar wuta, kuma kamfanonin wutarta sun ji a jikinsu. Gaggawa ma tana da nata haɗari. Biyetnam ta ba da farashi mai tsoka da wa'adin da zai ƙare ranar 31 ga Disamba, 2020, sai aka yi rububin kafa sama da megawat 9,000 a kan rufi, galibi a makonnin ƙarshe, layi ya kasa ɗauka, aka koma tilasta wa mutane su rage abin da suke turawa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Muna so mu zauna a kan layi, mu saya mu sayar, mu biya rabonmu na kula da shi.

Saboda haka muna roƙon hukumarku, da farko, ta fitar da farashin sayen rara a rubuce, tare da lissafin da aka bi aka kai gare shi, a kuma ba jama'a damar yin magana kafin a tabbatar. Idan kun ga dacewar farashin ya bambanta tsakanin tsakar rana da magariba, muna maraba da haka, domin zai sa mai batir ya riƙe wutarsa ya sake ta a lokacin da layi ya fi buƙata. Muna roƙon duk wanda aka jona a ba shi yarjejeniyar da ba ta gaza shekara 10 ba, kuma duk wani ragi da zai zo daga baya ya hau kan sababbin shiga kaɗai, a sanar da shi da wuri, a kuma sauke shi mataki-mataki don kada a yi rububi.

Muna roƙon a wajabta wa kamfanin rarraba wuta ya sanya mita mai auna shiga da fita cikin kwana 30 da biyan kuɗinta, ko kuma a ba mu jerin mitocin da kuka amince da su mu saya da kanmu, ma'aikacinsu ya zo ya duba ya liƙa hatimi. Ga na'urar da ba ta wuce kilowat 10 ba, takarda ɗaya ta wadatar, tare da shaidar cewa inbatar tana cikin waɗanda aka tantance kuma mai lasisi ne ya haɗa ta. Idan kamfani bai amsa cikin wa'adi ba a ɗauka ya amince, idan kuma ya ƙi ya rubuta dalili, mu sami inda za mu ɗaukaka ƙara. Kowane kamfani ya riƙa bayyana yawan solar da kowace taransifoma za ta iya ɗauka da abin da ya rage, don mutum ya sani kafin ya sayi kaya, kuma ƙorafin hawan ƙarfin wuta ya zama yana da wa'adin dubawa kamar yadda ƙorafin yankewar waya yake da shi. Rarar da ta taru kada ta lalace, a biya ta da kuɗi aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma idan kamfani ya yi jinkirin biya ya fuskanci irin tarar da yake ɗora mana idan mu muka yi jinkiri. Idan har akwai kuɗin kula da layi da za a ɗora mana, a faɗe shi a fili, a auna shi da girman amfanin da muke yi da layin, kada a ɓoye shi cikin farashi.

Idan hukumar na ganin buɗe ƙofar gaba ɗaya a lokaci guda zai yi nauyi, a zaɓi layuka kaɗan waɗanda wutarsu ta fi tsayawa da rana, a gwada na shekara guda, a buga sakamakon kowa ya gani. Da yawa daga cikinmu a shirye muke mu ba da bayanan da inbatocinmu ke ajiyewa, awa bayan awa, ba tare da an biya mu ba. Ni kaina ina da na shekara uku, kuma ina gayyatar duk injiniyan da za ku turo ya zo tsakanin sha biyu da biyun rana, a ranar da babu hadari, ya taho da na'urar awonsa.

Na gode da lokacinku. Allah ya yi muku jagora, wassalam.

Naku cikin girmamawa,
wani mai ƙaramar sola a kan rufi, a madadin takwarorinsa.